Takabar Latifa a Garin Bulo

Duk wanda ya san Latifa tun tana yarinya a Kumbotso zai gaya maka ba a halicce ta don zama wuri ɗaya ba. Mahaifinta tela ne, ita ce mai kai ɗinki gidajen mutane. A aike ta layi na gaba, sai a hango ta tana dawowa ta bayan gari, in an tambaye ta ta ce ai wannan hanyar ta fi iska. Ta gama sakandare da magana ɗaya a bakinta, ita makarantar koyon aikin jinya za ta shiga, kowa ya ji har ya gaji.

Sai Allah ya kawo Muzammil. Ɗan fari ne a gidan Malam Abdurra'uf, gidan malamai da ke wani ƙauye a gefen Bunkure. Da safe yana gonar shinkafa, da yamma yana koyarwa a Islamiyyar mahaifinsa. Shaddar Sallah ya kawo ɗinki, ya ga Latifa, shi ke nan rigar nan ta ƙi yi masa daidai. Yau wuya ya matse, jibi hannu ya yi tsawo, har tela ya gane ba rigar ce ke da matsala ba. Babu wanda ya tilasta mata. Ita ta ce ta ji ta gani, shi kuma ya yi alkawarin karatunta ba zai mutu ba, a dai bari a kwashe shinkafar bana. Bana ta zama baɗi, baɗi ta zama baɗin baɗaɗa, kun dai san halin shinkafa da alkawari.

Gidan da aka kai ta, ta gaba kanal ne, wato babbar hanyar ruwan noman rani, ta baya da gefe kuwa gonaki ne iya ganinka. Ƙaramar gada ɗaya ce hanyar fita. Yarinyar da ta saba zaga gari sai ga ta tsakanin ɗaki da madafa, tana taya surukarta Umma turara shinkafa. Ba ta yi ƙorafi ba, domin tana son mijinta. Abu ɗaya ne ke ba ta haushi da shi, wasan nan na waya.

Asalin abin, Muzammil ya lura ɗalibansa suna satar wayoyin iyayensu suna shiga wani wasan gini ta intanet, irin wanda ake ɗora bulo kan bulo a gina duk abin da aka ga dama. A can suke cuɗanya da baƙin da ba a san ko su wane ne ba, suna kwaso ashar kala-kala. Wani malamin da bulala zai fara. Shi sai ya buɗe tasa duniyar a cikin wasan, ya ce duk mai so ya dawo nan. Yaran suka sa mata suna Garin Bulo. Suka gina masallaci da kasuwa da injin shinkafa, kuma da yake 'ya'yan manoma ne, suka haƙa kanal ya ratsa garin, kowa ya yanki gona a gefensa. Kafin ka ce me, yaran Kura sun shigo, na Zariya sun shigo, har da wasu daga Maraɗi.

Dokokinsa ba su da yawa. Ba a shiga gidan wani sai da sallama, ba a rushe ginin wani, in an kira salla kowa ya fita. Sai kuma dokar ruwa. A zahiri gonar Muzammil tana can ƙarshen kanal, inda ruwa ke isa bayan na gaba sun sha sun ƙoshi, wani lokacin ma ba ya isa. To a Garin Bulo ya rama. Ya sa ƙofar ruwa a bakin kanal wadda ba mai iya buɗe ta sai mai garin, kuma ya ce na ƙarshe su ne za su fara sha.

"Malami guda da gemunka, kana ɗora bulo da 'yan yara," in ji Latifa. "Wallahi ko kunya ba ka ji."

Sai ya yi dariya ya miƙo mata wayar. "Zo ki gina asibitinki mana, akwai fili."

"Ni na gaske nake so," ta ce, ta juya masa baya.

Ranar da abin ya faru, ranar sakin ruwa ce. Muzammil ya shiga bakin kanal ɗin gaban gida yana cire ciyawar da ta toshe hanya, santsi ya kwashe shi, ruwa ya ja shi ƙarƙashin gada. Da hantsi ne, mutane suna gani, amma ruwan ya fi su sauri. Sai bayan azahar aka fito da shi.

Umma ba ta yi kuka ba. Mata suka yi ta yaba haƙurinta, suna cewa matar malami ke nan. Abin da ba su faɗa ba, kowa ya sani: ɗan fari ne, akwai kunya. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa yi masa wasa a gaban mutane ba, ko kallonsa sai ta gefen ido. "Wannan yaron" take cewa, ko "mai gonar ƙasa". Ranar da aka fita da shi ma, "Allah ya jiƙan yaron nan" kawai ta ce, ta koma ta zauna tana jan carbi.

Latifa ta shiga takaba. Babu ado, babu turare, babu fita. Da ma can ina take zuwa? Amma da, in ta so, tana iya tsayawa a ƙofar gida ta kalli masu kwandon tumatir suna wucewa. Yanzu iyakarta tsakar gida. Masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa, ɗakin ya koma mata kamar akurki, ta san kowace tsaga ta bango. Wani lokacin sai ta ji kamar ta kurma ihu don dai ta tabbatar muryarta tana nan.

Wata rana tana gyaran ɗaki ta ci karo da wayarsa. Ta jona ta a sola, ta kunna, ba don komai ba sai don ta ga hotunansa. Yatsanta ya faɗa kan wasan. Sai ga wani ɗan mutum na bulo tsaye a gefen gado, da farar riga da hula shuɗiya irin wadda yake sawa ranar Juma'a. A saman kansa an rubuta Malam Muzammil.

Nan take rubutu ya fara zubowa a gefen wayar. Wani yaro ya rubuta a'uzu billahi ya fice a guje. Wata kuwa ta tsaya ta rubuta, "Wane ne wannan? Malam ya rasu. In satar wayarsa aka yi, Allah ya isa."

Latifa ta rubuta mata amsa. "Ni ce matarsa."

Yarinyar Rauda ce, 'yar aji shida daga Kura, mai bakin da ba ya gajiya. Ta yi gaisuwa yadda manya ke yi, har da Allah ya sa can ta fi nan. Ba ta ɓata lokaci ba ta ɗora da abin da ke damunsu: "Anti, tun ranar ba a buɗe ruwa ba. Gonakinmu duk sun bushe. Don Allah ki kai shi ƙofar ruwa, zan nuna miki hanya."

Haka Latifa ta koyi tafiya. Ta yi karo da bango, ta faɗa rami, yara suna ta dariya suna ba ta haƙuri. Da ta buɗe ƙofar, ruwa ya gangara shuɗi shar har gonar ƙarshe, yaran suka yi ta tsalle a gefen kanal. A hanyar dawowa Rauda ta ja ta wani lungu bayan kasuwa, ta nuna mata wani farin gini da ba a yi wa rufi ba. "Malam ne yake ginawa shi kaɗai," ta ce. "Ya ce asibitin wata ne, kada kowa ya taɓa." Latifa ta kifa wayar a cinya ta yi kukan da ya fi na ranar jana'iza.

Daga nan fa ta samu wurin zuwa. Tana zaune a gindin mangwaron tsakar gida, inda sabis ya fi kamawa, amma tana kasuwa, tana masallaci, tana rabon faɗan iyakar gona tsakanin ɗan Zariya da ɗan Bunkure. Ta fara cin abinci. Har dariya aka ji ta yi, kuma dariyar ce ta tona ta.

Umma ta tsaya a kanta. "Me kike yi haka?"

"Umma, wasan yaran nan ne. Kasuwa na shiga."

"Kasuwa? Kina takaba kina yawon kasuwa? Inna lillahi!"

Maganar har gaban Malam Abdurra'uf. Dattijon ya karɓi wayar ya nisanta ta da idonsa, ya juya ta sama ya juya ta ƙasa. Ya tambayi Latifa, wadda ke durƙushe daga bakin ƙofa, ko ƙafarta ta taka waje. Ta ce a'a. Ya ce ko wani namiji baligi ya ga fuskarta. Ta ce a'a, yara ne, kuma ba sa ganinta. "To ba ta fita ba," in ji shi. Sai idonsa ya sauka kan sunan da ke saman ɗan mutumin. Ya miƙa wayar da sauri kamar ta ƙona shi. "Amma da kun bar shi ya huta."

Umma ce ta karɓa. Ta kalla sau ɗaya, ba ta ɗago ba. Washegari bayan la'asar ta shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro ta ce, "Latifa, kunno min yaron nan in gani."

Kai, abin tausayi! Matar da ta shekara talatin tana satar kallon ɗanta, yau ga shi an ba ta shi a tafin hannu, babu mai cewa ta yi rashin kunya. Ta ce a juyo shi ta ga fuskarsa. Ta ce a zaunar da shi. Ta ce hular ta karkace, Latifa ta ce haka aka yi ta. Ta tambaya ko yana cin abinci, da aka ce yana ci, ta ce a ba shi. Latifa ta ji daɗi da farko, domin tun zuwanta gidan ba su taɓa zama kafaɗa da kafaɗa haka ba.

Sai lokacin buɗe ruwa ya yi. Latifa ta fito da shi daga gida ta nufi kanal. Umma na hango shuɗin ruwan ta damƙe mata hannu, damƙar da ta bar shaida.

"Ina za ki kai shi?"

"Ƙofar ruwa, Umma. Yaran suna jira."

"Janye shi! Janye shi daga bakin ruwan nan, na ce!"

Latifa ta mayar da shi ɗaki. Ta yi ƙoƙarin bayani, cewa wasa ne, ba abin da zai same shi. Ina! Umma ta ce an taɓa gaya mata haka. Daga ranar wayar ta koma ɗakin Umma, cikin kwalla, ƙarƙashin zannuwa. Ba ta fitowa sai bayan la'asar, kuma Umma na zaune. Iyakarsa ɗaki da tsakar gida, a juyo shi, a zaunar da shi, a ba shi abinci, a kwantar da shi. Shi ma an sa shi takaba.

Rauda ta yi magiya har ta gaji. "Anti, ruwa fa." "Anti, albasata ta mutu." Latifa tana gani, ba ta iya amsawa sai da "ku yi haƙuri". Ta taɓa tambayar ko akwai yadda za a ba wani ikon buɗe ƙofar, Rauda ta ce akwai, amma sai mai garin ya je bakin ƙofar da kansa. Gonaki suka yi ja. 'Yan Maraɗi suka daina zuwa, na Zariya suka bi su. Wasu daga cikin ɗaliban suka koma wajen baƙin nan masu ashar. Abin da mijinta ya gina yana watsewa a hannunta, kuma ita ce ke riƙe da shi a ɗaki kullum.

Ana cikin haka yayanta Suhaibu ya kira. Takardun da ya cika mata tun bara sun yi amfani, sunanta ya fito a makarantar jinya. Ya ce da ta fita takaba zai zo ya ɗauke ta, kada ta yi wasa, ba a jiran kowa.

Ranar fita ta zo. Aka yi sadaka, ta yi wanka ta sa sababbin kaya, Suhaibu ya iso da adaidaita. Ta shiga yi wa Umma sallama, ta durƙusa. Umma ba ta hana ta ba, da ta hana ma da ya fi sauƙi. Sai kawai ta ɗauko wayar daga cikin kwalla ta riƙe da hannu biyu, ta ce a hankali, "To in kin tafi, wa zai riƙa tayar min da shi?"

Akwai yara a gidan, amma Umma ba za ta iya zama gaban ƙannensa tana kallon ɗan fari ba. Latifa kaɗai ta san wannan sirrin. Ta fito ta ce wa Suhaibu ya ba ta mako guda. Ya yi faɗa, ya ce ita da ko aike ba ta iya dawowa da wuri yau ita ce ake roƙo ta fito? Adaidaita ta haye gada ba ita.

Mako ya wuce, wani ya bi shi. Yanzu ba shari'a ce ta tsare ta ba, ƙofa a buɗe take, amma ta kasa. Da safe ta ce gobe za ta yi magana, bayan la'asar ta ga fuskar Umma ta haɗiye. Ta fara jin haushin ɗan mutumin nan mai shuɗiyar hula, sai kuma ta ji kunyar haushin. Ta rame fiye da lokacin takabar.

Suhaibu ya sake kira ya ce ranar Litinin ake rufe rajista, zai zo Lahadi, in ta ƙi fitowa ya cire hannunsa. Latifa ta yanke shawarar koya wa Umma yadda za ta riƙa tayar da shi da kanta.

Lahadi da hantsi, adaidaita na tsaye a ƙofar gida, suna zaune a gindin mangwaro. Daga zaure ana jin karatun ɗalibai. Latifa ta ɗora babban yatsan Umma a kan wayar. "Nan za ki tura, Umma, a hankali. In kin ɗaga zai tsaya."

Yatsan da ya sha tukunyar shinkafa ya yi kanta, wayar ta ƙi jin sa. Umma ta danna da ƙarfi. Ɗan mutumin ya zabura, ya fice ta ƙofar da Latifa ta manta a buɗe, ya miƙe titi a guje.

"Ɗaga, Umma! Ɗaga hannunki!"

Tsoro ya sa Umma ta ƙara dannawa, ta ƙanƙame wayar a ƙirjinta yadda Latifa ta kasa ƙwata. Ya wuce kasuwa, ya wuce Rauda da ke tsaye a busasshiyar gonarta. Ruwan da aka tare makonni ya cika bayan ƙofar maƙil. Ya taka bakin kanal bai tsaya ba. Shuɗiyar hula ta nutse.

"Muzammil!"

Ihun ya ratsa gidan. Karatun zaure ya tsaya cak. Ba wanda ya taɓa jin wannan sunan a wannan bakin, har Malam Abdurra'uf.

"Muzammil! Ku kama shi! Wayyo, ku kama min shi!"

Fuskar wayar ta yi duhu. Latifa ta zare ta daga hannun Umma tana cewa, "Ba komai, Umma, wallahi ba komai, yanzu zai dawo." Ta danna. Sai ga shi tsaye a gefen gadonsa, rigarsa fara tas, ko ɗigon ruwa babu, hula a karkace yadda take.

Umma ta zuba masa ido.

"Haka yake yi?" ta tambaya.

"E, Umma."

"In ya sake faɗawa fa?"

"Zai dawo."

"Ko sau nawa?"

Latifa ta sunkuyar da kai. "Ko sau nawa."

Umma ta ƙara kallonsa, kallo mai tsawo, irin na mai duba kayan da aka kawo mata bisa kuskure. Sannan ta ture wayar a hankali zuwa cinyar Latifa.

"Wannan ba nawa ba ne," ta ce. "Nawa sau ɗaya ya faɗa."

Sai kukan ya zo, na ranar jana'iza da na duk kwanakin bayanta. Latifa ta rungume ta, abin da ba ta taɓa yi ba, suka yi tare. Malam ya zo bakin ƙofa ya tsaya, bai ce a yi haƙuri ba, ya juya ya sallami ɗalibai.

Da Umma ta samu bakin magana, ta share fuska da gefen mayafi. "Je ki buɗe wa 'ya'yan mutane ruwansu, na zalunce su. Ki ɗauki kayanki, kada mai adaidaita ya gaji."

Latifa ta kai shi bakin ƙofar a gaban Umma. Ta buɗe, ruwa ya gangara har gonar ƙarshe. Ta bi yadda Rauda ta gaya mata ta miƙa mata ikon garin, ta ce na ƙarshe su fara sha, kuma in sun samu hali su yi wa farin ginin nan rufi. Rauda, mai bakin nan, "to Anti" kawai ta iya rubutawa.

Wata da watanni Latifa tana mafarkin ranar da za ta haye gadar nan, tana zaton za ta ji kamar an sauke mata dutse. Da adaidaita ta hau kanta, ba ta ji haka ba. Suhaibu yana ta lissafa takardun da za ta nema gobe, ita kuwa kunnenta na baya. Ta cikin ƙarar injin da ta ruwan kanal tana jiyo Umma daga tsakar gida, ba da ihu ba yanzu, a hankali, tana kiran sunan tana sake kira, kamar mai kiran yaro ya shigo ya ci abinci.